Ranar da Mai Awo Ya Hau Sikeli

"Kilo goma," in ji likita, bai ko ɗago kai daga kan katin ba.

"Goma?" Mai Awo ya gyara zama a kujerar da ta yi masa kaɗan. "Likita, goma fa ka ce. Ɗan akuya guda ke nan za a yanke daga jikina. Huɗu."

Likita ya ɗago. Matashi ne, ko babban ɗan Mai Awo bai kai ba, amma idonsa na wanda ya saba da tsofaffi masu gardama ne.

"Baba, nan ba kasuwa ba ce."

"Ni dai na ga sikeli a bakin ƙofarka, ɗana. Huɗu, kuma zan kawo maka su a kan lokaci."

"Takwas."

"Ka gani, ashe ana ragi. Biyar."

Likita ya ajiye biro, ya juyo da hoton ƙashin gwiwar yadda hasken taga zai ratsa shi. Ya nuna masa inda ƙashi ke gogar ƙashi, ba komai a tsakani. Ya ce gwiwar nan ta gama aikinta, sai dai a sa sabuwa, amma mai allurar barci ba zai karɓi mutum mai kilo ɗari da sha takwas da hawan jini ba, sabuwar gwiwar ma ba za ta ji daɗin ɗaukarsa ba.

"Shida, daga nan ba na motsi. Mako takwas. Ka zo mini da ɗari da sha biyu, a ranar zan sa sunanka a layin tiyata na wata mai zuwa. Ka zo da ɗari da sha uku, gadon na wani ne, kai kuma sai bayan wata shida."

Mai Awo ya dubi gwiwar, ya dubi matarsa da ke zaune a gefe riƙe da sandarsa, sannan ya miƙa hannu.

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana awo a filin sayen tsofaffin ƙarafa. Duk wanda ya turo baro ko amalanke da ruɓaɓɓen kwanon rufi, ko guntun rodi, ko injin da ya mutu, gabansa yake tsayawa. Shi zai duba, shi zai kira lamba da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, kuma abin da ya kira ya zauna. Ba waliyyi ba ne. In ya ga tsatsa ta yi yawa, ko an cusa laka a cikin bututu, yakan cire kilo biyu ko uku, amma a fili yake cirewa, yana kallon ƙwayar idonka. Saboda haka mutane suke wuce filaye biyu da suka fi kusa da su, su turo kaya har wurinsa.

Ranar da ya yi ciniki da likita, daga asibiti filin ya wuce kai tsaye. Ya hau farantin sikelin, sabon nan mai allon lamba wanda Manaja, ɗan marigayi maigidansa, ya sayo shekara biyu da suka wuce. Allo ya nuna ɗari da sha takwas cif. Ya gyaɗa kai. To, na asibiti ma yana da tarbiyya.

Mako biyun farko ya sha wuya. Shayi ba sukari, kabeji da dafaffen ƙwai, kifi ɗan mitsitsi kamar na sadaka. Jikokinsa suna cin burodi a gabansa yana kallon bango. Duk wannan wahala kilo ɗaya tak ta cire. Sai a mako na uku, kwatsam, allo ya nuna ɗari da sha biyar. Ya sauka ya sake hawa, haka dai. Ya ce jiki ya kama hanya, ya mayar da sukari cokali ɗaya don murna. Mako na gaba, sha huɗu. Ya mayar da burodi, da ɗan bota a kai. Sha uku. Daga nan ya koma wurin mai gasa kaza na bakin titi, wanda har ya fara zaton ya yi ƙaura. Yana ci, lamba tana sauka. Har ya fara yi wa direbobin manyan motoci karatu a kan abin: wai jiki kamar inji ne, sai ka zuba masa mai sannan yake ƙona wanda ke ciki.

Mutum biyu ne kawai ba su sha wannan karatu ba. Matarsa ta ɗaga wandonsa wata safiya ta ce, "Malam, wandon nan dai ba a gaya masa ka rame ba." Ya ce wanki ne yake tsuke shi. Na biyun kuwa wani mai baro ne da ake kira Tsatsa, don duk abin da ya kawo ja ne. Sau uku yana cewa kayansa sun fi abin da aka kira, hannunsa ya sani, bayansa ma ya sani. Sau uku Mai Awo yana yi masa tsawa a gaban mutane: "Sikelin da nake auna jikina a kai shi ne zai cuce ka? Matsa, na baya ya zo."

A jajibirin komawa asibiti allo ya nuna ɗari da sha ɗaya. Shida na likita, ɗaya gyara.

Ya sa fararen kaya, ya fesa turare. Matarsa ta biyo shi da sanda. A ɗakin awo ya gaida nas ɗin da fara'a, ya ce ta riƙe biro da kyau kada ya faɗi. Ya hau.

"Ɗari da ashirin da rabi," in ji ta.

"Sake dubawa, 'yata. Ɗaya, ɗaya, ɗaya za ki gani."

"Baba, ga shi nan gabanka."

Ya sunkuya da ƙyar ya duba. Ya sauka, ya cire takalmi, ya cire hula, ya zazzage makullai da waya da carbi ya miƙa wa matarsa. Ya sake hawa, ya fitar da numfashi duka kamar shi ma nauyi ne.

"Ɗari da ashirin."

"Wannan abin ya lalace."

Aka kai shi ɗakin da ke gaba, inda akwai wani sikelin. Ɗari da ashirin. Ya ce ai kamfani ɗaya ne ya yi su, ciwonsu ɗaya. Waɗanda ke jira a kan benci suka fara leƙowa. Wata tsohuwa mai ƙafa a naɗe ta ce, "Bawan Allah, ka sauka mana, mu ma muna da nauyin da za mu ji." Matarsa ta kau da kai. Ta tsaya da hularsa a hannu tana karanta wata takarda da aka manna a bango, alhali ya san ba abin da take karantawa. Wannan kau da kan ya fi dariyar benci ciwo.

Likita ya dubi katin, ya cire tabarau.

"Baba, mun yi da kai za ka rage shida. Ka ƙaro biyu."

"Ban ƙara ko ƙwayar shinkafa ba. Jiya da yamma na hau nawa, ɗari da sha ɗaya."

"Me kake ci?"

"Abinci."

"Wane iri?"

"Likita, kada mu bar maganar. Kai ka karanta jikin mutum, na yarda. Ni sikeli na karanta. Tun ba a haife ka ba nake awo. In na ce maka ma'auni ya yi ƙarya, to ya yi. Yaushe rabon da a gwada naku? Da me aka gwada shi? Mutum ɗari suna hawa suna sauka kullum, yara suna tsalle a kai, masu shara suna jan sa da ƙafa."

"Guda biyu duka?"

"Ko goma ne."

Likita ya yi murmushin da Mai Awo bai so ba, irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya ce da ƙarfe huɗu yake miƙa sunayen wata mai zuwa, kuma akwai mutum takwas a bayansa, kowa da tasa gwiwar.

"Ina da duwatsun gwaji," in ji Mai Awo. "Na ƙarfe, masu hatimi, kilo hamsin cif. In na kawo su nan na ɗora a kan abin nan naku ya nuna hamsin da huɗu, me za ka ce?"

"In ya nuna haka, zan rubuta sunanka da hannuna, in kuma ba ka haƙuri a gaban benci."

"Riƙe bironka. Kafin huɗu ina nan."

A bakin ƙofar asibiti matarsa ta miƙa masa hula da sanda.

"Ni na yi gida. Na wa zan dafa, na mai ɗari da sha ɗaya ko na mai ɗari da ashirin?"

"Ke ma kin bi bayansu?"

"Ni ba na bayan kowa, Malam. Ni ce dai nake matsar da maɓallin wando."

Ya tsayar da tasi, abin da bai saba ba, ya shiga da ƙyar, ya ɗago ƙafar da hannu biyu ya shigar da ita. Duk hanya yana shirya abin da zai faɗa wa benci. Gwiwar kuwa, saboda hawa da saukar da ya yi ta yi, ta kumbura tana zogi kamar ana murɗa kusa a ciki.

Sha biyu ta wuce da ya isa. Rana ta take, ƙarafa sun ɗau zafi, layin baro ya kai bakin ƙofa domin direban babbar mota ne ya zauna a kujerarsa, shi kuwa sai ya karanta lamba sau biyu kafin ya faɗa. Tsatsa yana tsakiyar layi da wata tsohuwar ƙofar ƙarfe da murhun gas.

"A'a, ango! Baba, ina aka ɗaura?"

"Bar surutu, zo ka yi mini aiki. Kai da wancan."

Duwatsun suna can ƙuryar sito, ƙarƙashin tsohon sikeli mai hannu da aka jingine tun zuwan sabon. Marigayi maigida ne ya saye su, biyu masu kilo ashirin ashirin, ɗaya mai goma, kowanne da marfin hatimi a ƙasansa. A zamaninsa duk safiyar Litinin sai an ɗora su kafin a karɓi kayan kowa. Da sabon ya zo, Manaja ya ce wannan ba ya son duwatsu, injiniya ne yake duba shi da kwamfuta. Mai Awo kuma, da gwiwa ta hana shi sunkuyo, bai ja maganar ba.

Suka fito da su suna nishi. Tasi tana jira a waje. Tsatsa, da ya ɗauko biyu, ya ga hanya da nisa, sai ya dire su a kan farantin sikeli don ya huta. Ɗayan ma ya ɗora nasa a kai.

"Madalla," in ji Mai Awo, ya ɗaga murya don layi ya ji. "Ku bar su nan tukuna. Ku zo ku ga yadda ma'aunin kirki yake, kafin in je in koya wa masu farar riga. Tsatsa, kai da ka fi kowa baki, karanta mana."

Tsatsa ya share gumi ya dubi allo. Ya daɗe yana dubawa.

"Baba, nawa ka ce duwatsun?"

"Hamsin."

"To, arba'in da shida ne a nan, da 'yar wutsiya."

Mai Awo ya matso da sanda. Ya sa aka sauke su, allo ya koma sifili. Aka sake ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Na ashirin ya zama sha takwas da rabi. Ya juya kowanne ya duba hatimi, ko wani ya huda ya rage. Lafiyarsu ƙalau. Ƙarfe ba ya ramewa a sito.

Shi kuwa a tsayen nan abin ya riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Injiniyan nan mai jakar baya, wanda a da sai a yi wata shida ba a gan shi ba, sau uku ya zo cikin mako takwas, kullum ranar hutu, sai dai maigadi ya ba da labari. Zuwansa na farko a mako na uku ne. Mako na uku, ranar sukari. Sai ya tuna kajin. Ya tuna kansa zaune a kan tayar mota yana yi wa direbobi karatun inji da mai, da maiƙo a bakinsa.

Ya ce wa direban babbar mota ya je ya sallami mai tasi. Sannan ya nufi ofis.

Ofishin kwantena ce da aka yanka wa taga aka sa mata na'urar sanyi. Manaja yana kan waya, ya ga fuskar da ta shigo, ya ce zai sake kira. Shekararsa talatin da biyar. Mai Awo ne ya riƙa ɗora shi a kan tsohon sikeli yana yaro, yana kiran nauyinsa kamar na kaya, mahaifinsa yana dariya.

"Baba, sannu da dawowa. Yaya asibitin? An sa rana?"

"An sa mini kilo tara da ban san da su ba. Na zo in ji wa ya ajiye mini su."

Manaja ya leƙa ta taga, ya hango duwatsu a kan faranti da mutane kewaye. Ya tashi ya rufe ƙofa da kyau.

"Zauna, Baba. Ƙafarka."

"Ƙafata ta gode. Faɗi."

Manaja bai yi musu ba, wannan kam a ba shi. Ya ce kamfanin narka ƙarfe ya sauke farashi sau biyu, kuma su ma can suna yanke nasu a wurin awo. Filayen da ke maƙwabtaka tun bara suka taɓa nasu sikelin. Da ya sauke farashi a allo, da rabin masu baro sun gudu. Don haka ya sa injiniya ya riƙa sauke lambar sikelin kaɗan kaɗan, yadda ba mai ji.

"Ba mai ji," in ji Mai Awo. "Ni na ji. A gwiwa na ji."

"Wallahi ban san a kai kake awon jikinka ba."

"Kowa a filin nan ya sani. Maigadi ya sani, karen maigadi ya sani. Duk Asabar sai na hau na yi shela. Kana ji ta tagar nan, ka bar ni ina sayen kaza."

Manaja ya sunkuyar da kai, har kamar zai yi dariya ya danne. Sannan ya zauna a gefen tebur, ya sassauta murya, ya koma irin muryar mahaifinsa in zai sayi kaya da araha.

"Baba, bari mu gyara. Laifina ne ka rasa layin nan, na ɗauka. Ina da aboki mai asibitin kuɗi. Mako mai zuwa za a yi maka, ɗaki kai kaɗai, da talabijin. Ba layi, ba wata shida, ba mai tambayarka kilo nawa ne. Ko sisi ba za ka biya ba. Kai dai ka fita ka ce musu zafi ne ya taɓa na'urar yau, injiniya zai zo gobe. In ka faɗa za su yarda. Kai ne."

Mai Awo ya zauna, don ƙafar ta ƙi. Sanyin ɗakin ya shiga gwiwar, zogin ya ɗan lafa. Shekara uku rabonsa da ya taka matakala ba tare da ya ƙirga ba. Shekara uku ba ya iya durƙusawa ya ɗauki jika, sai dai a ɗora masa. Wata shida kuma ba wasa ba ne ga mai ƙashi yana cin ƙashi, kuma ba tabbas in ya koma zai kai ɗari da sha biyun, tunda yanzu takwas ne a gabansa, ba shida ba. Ya daɗe yana shafa gwiwar. Manaja ya buɗe firji ya ajiye masa lemo mai sanyi a gabansa.

Lemon ne ya ɓata cinikin. Ya dubi kwalbar tana naso, ya ji yawunsa ya tsinke, ya ga yadda aka san shi: a ba shi mai zaƙi, a gaya masa lamba mai daɗi, zai yi shiru.

"Abokin nan naka," ya ce, "da gaske ba zai tambayi nauyina ba?"

"Ko kaɗan."

"To, shi da sikelinka uwarsu ɗaya. Yaron can na asibiti ya ɓata mini rai yau, ya sa tsofaffi sun yi mini dariya, amma shi kaɗai ne cikin mako takwas ya gaya mini nawa nake. Shi zai yanka ni, ko bayan shekara ne."

"Baba, ka yi tunani."

"Na yi. Da ciki na yi ta yi, shi ya kawo ni nan. Ɗauke lemonka."

Ya miƙe da sanda, ya buɗe ƙofa, zafi ya mare shi. Ya tafi har gindin allon lamba, ya kama wayar wuta ya zare. Ya ce wa mutum huɗu su shiga sito su fito da tsohon sikeli. Suka jawo shi yana kuka, aka share ƙura, aka ɗiga masa baƙin mai, aka sa guntun katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya har ya zauna daidai. Aka ɗora duwatsu. Ya tura ɗan ƙarfen a kan sandar awo da yatsa, a hankali, har ta tsaya a tsakiya tana rawa kaɗan.

"Hamsin!" ya kira. Sannan ya juya ga layi. "Wancan mai wutar yana cin kilo huɗu a kowane hamsin. Mako shida ke nan yana ci, ni kuma nake kira muku. Tsatsa, sau uku ka faɗa, sau uku na kore ka. Kai ne da gaskiya. Kada ka saba."

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce a fito da Manaja, wani ya ɗaga guntun rodi. Mai Awo ya buga sanda a faranti.

"Wanda ya zo faɗa ya fita waje. Wanda ya zo awo ya koma layi. Amma akwai kaya ɗaya da zai riga na kowa. Ku sauke duwatsun."

Ya miƙa wa Tsatsa sandarsa, ya dafa kafaɗarsa, ya hau da fararen kayansa da suka riga suka yi baƙi a gaba. Ya miƙa hannu ya tura ƙarfen da kansa. Ya wuce ɗari da sha ɗaya, sanda ba ta ko motsa ba. Ya wuce sha biyar. Ya wuce sha takwas. Da ta daidaita, ya cika ƙirji ya kira da muryar da yake kiran injin mota:

"Ɗari da ashirin!"

Sai Tsatsa ya ce, "Baba, a cire biyu na tsatsa?"

Filin ya fashe da dariya, har mai rodin ya ajiye rodinsa.

"Ba tsatsa a nan, duk kaza ce. Taimake ni in sauka, ɗan banza. Kawo ƙofar taka."

Ya ci gaba da awo a tsaye, domin tsohon sikeli ba a yi masa daga kujera. Wajen la'asar Manaja ya fito, ya tsaya a bayansa kamar mai duba aiki, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ba mai ji sai shi.

"Ƙarshen wata ka ajiye mini makullai."

"Ƙarshen wata da sauran kwana tara," in ji Mai Awo, idonsa a kan sandar awo. "Kwana tara awo ne mai yawa. Talatin da bakwai! Na baya!"

Agogon da ke jikin kwantena ya buga huɗu yana tsakiyar auna wani tsohon firji. Ya ɗaga kai ya gani, ya mayar da kai. Da aka tashi ya kira gida.

"Na wa kika dafa?"

"Ina jiranka ka faɗa."

"Na mai ɗari da ashirin. Kabejin nan naki. Kuma kada in ji wata magana."

"Ni na ce wani abu?"

"Ina jin ki kina murmushi."

A motar haya ya sauka tun da sauran tasha ɗaya kafin tasu, ya taka sauran da ƙafa, yana zagin gwiwar tana rama masa. Mai gasa kaza ya hango shi ya ɗaga cinya guda da cokali mai yatsu yana kiran "Babban kwastoma!" Mai Awo ya tsallaka ɗaya gefen titin.

In ana son a san yadda cinikin ya tashi, ga shi. Masu baro sun ci kilo huɗu a kowane hamsin, na kwana tara dai tukuna, kuma yawancinsu har yau suna zaton don su aka yi. Gadon tiyata ya faɗa wa tsohuwar nan mai ƙafa a naɗe, wadda ba ta ko san sunan wanda ya bar mata ba. Likita bai ci ba, bai faɗi ba. Manaja ya rasa mai kira masa lamba a yarda, injiniya ya rasa aikin ranar hutu, mai kaza ya rasa babban kwastoma. Matar gida ta ci gardama ba tare da ta yi ta ba. Mai Awo kuwa ya rasa layi, ya rasa kujerar shekara talatin da ɗaya, ya rasa sukari karo na biyu. Shi kaɗai ne a filin ya tashi da ƙarin kilo biyu na gaskiya, kuma duk garin ba mai saya.